Tsohuwa Mai Haƙoran Rijiya

Ran kasuwar Tambuwal, sabon samun mulkin kai, ga wata tsohuwa tsaye bakin ofishin En'e da gora a kafaɗa. Doguwa ce kamar karan dawa, ƙafafunta duk ƙasar hanyar Kebbe. Haƙoranta sun yi dabbare-dabbare ruwan ƙasa, kuma ba goro ba ne.

Duba-gari na mata bayani: rijiyar ƙauyensu na da wani gishiri, fuloraid. Kaɗan na ƙarfafa haƙori, mai yawa na rina shi, don haka za a rufe ta.

"Ɗana, miji nika nema da zan so farin haƙori?" in ji ta. "In kun rufe, kai za ka ɗebo muna ruwan gulbi da rani?"

Ban san ta ba, amma ina jin mijinta ya haƙa rijiyar nan. Ba a yi wa ruwan aro wannan faɗa.

Ta kafa kai ta sha ruwan rijiyar daga goran, ta ciro goruba ta gatsa a gabansa, ta miƙa masa sauran.

"Kai mai farare, gwada mu gani."

Wai azumi yake. Ni kuwa ɗazu na gan shi da tsire.