Wa zai faɗa mini yanzu, Malama Asali?

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 9 ga wata, muna tsaye a layin taron safe, shugabar makaranta ta sanar da mu cewa Allah ya yi wa malamarmu ta Turanci rasuwa a wajen haihuwa.

Malama, mu muka sa miki suna Malama Asali, domin ba kalmar da za ta wuce ba ki tambaya ba: "Meye asalinta?" Ke kika gaya mana cewa "sugar" daga Larabci ta bi ta shiga Turanci, 'yar uwar sukarinmu ce. Ranar da kika ce "school" a wurin Girkawan da tana nufin lokacin hutu, wata daga bayan aji ta ce, "To Malama, a maido mana da hutunmu mana!" Kika yi dariya har alli ya faɗi daga hannunki.

Ni ban taɓa ɗaga hannu ba. Idan aka kira ni, harshena yakan ƙafe. Sai kika riƙa zuwa bencina kusa da taga, ki sunkuya, in raɗa miki amsa a kunne, ki miƙe ki faɗa wa aji. Kullum sai kin ƙara da, "Ba maganata ba ce, ta ƙanwata ce." Kin ce wata rana zan faɗa da bakina, ba gaggawa.

Yanzu gaggawar ta zo. Shugaba ta ce za a rufe ƙungiyarki ta tarihin kalmomi, a ba darasin lissafi lokacin, sai dai in wata ɗaliba ta tsaya gaban taro ranar Litinin ta nuna za mu iya riƙe ta. 'Yan ajinmu duk ni suka juyo suna kallo. Na gwada a ɗakinmu, ƙannena biyu kawai ke zaune a kan tabarma, muryata ta ƙi fita. Malama, na san abin da zan faɗa, wallahi na sani. Kunnen da zan raɗa wa ne babu. Duk da haka na ba da sunana.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki da mahaifiyarki da dukkan 'yan uwa. Allah ya raya jaririyar da kika bari. Ni kuma, ya Allah, ka buɗe mini baki ranar Litinin. Amin.