Tantabarun Kofur Maude

Kofur Maude ya shiga soja ne saboda takalmi. Yana yaro yana kiwo ya ga wani soja ya taka ƙaya ko gezau, ya dubi kaushin ƙafarsa, shi ke nan. Takalmin ya kai shi har Laberiya, inda aikinsa shi ne ɗaukar akwatin harsashi a bayan mai babbar bindiga, wani Zacharias, mutumin Filato. Su biyun da abokinsu Ikrama tare suke ci, tare suke kwanciya a rami. Wata safiya, kusa da tashar jirgin ruwan Monrobiya, aka yi musu ruwan wuta. Maude kaɗai ya dawo.

Da ya yi ritaya ya gina ɗaki biyu a Kurudu, ya kama kiwon fararen tantabaru. Kowace da sunan wani mamaci. Matarsa Lantana ta saba jin sa a tsakar gida yana faɗa: "Ikrama, kauce, ba ka bar haɗama ba har yanzu?"

Kowace shekara, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, tsofaffin sojojin unguwar kan taru a filin firamare, a busa begila, a ajiye furanni, a saki tantabarun Maude. Su zaga sama su koma gida. Sai bara shaho ya sauko a gaban kowa ya sure Zacharias. Jama'a suka ce ikon Allah. Maude ya kwana biyu bai ci tuwo ba. Daga baya ya raɗa wa wani ɗan shila sunan.

Da bana ta zagayo, shugaban ƙungiyar tsofaffin sojojin, Manjo Abdulrauf, ya aiko a kawo tantabaru.

"Malam, ka ce masa ba ka bayarwa mana," in ji Lantana.

"In ce wa Manjo a'a? Ni kofur?"

Tunda ya sa kaki bai taɓa musa wa na gaba da shi ba, kuma ba zai fara da furfura ba. Amma umarnin ya ce a kawo su ne. Don haka ran taro ya zube musu gero da gyaɗa da dafaffen wake, suka ci har suna layi. Ya ƙara.

"Suna ake yi?" Lantana ta tambaya.

"Soja ba ya fita fareti da yunwa."

A fili, bayan mai begila ya gama, Manjo ya tako da sandarsa ya buɗe kejin, ya ɗaga kai sama. Duk taro ya ɗaga kai sama. Babu komai sai shaho can nesa yana shawagi. Da aka sunkuyo, ga tantabaru sun fito ɗaya bayan ɗaya, ƙirji gaba, suna takawa a ƙasa. Manjo ya yi tafi. Ya kaɗa hula. Ya ɗauki Ikrama ya cilla sama, Ikrama ya faɗo a kan furannin ya gyara zama.

"Kofur! Mene ne wannan?"

Maude ya ƙame. "Ban sani ba, yallaɓai. Jiya lafiya lau suke."

Madam Clara, matar marigayi Zacharias, wadda ke zuwa duk shekara daga Jabi, ta kasa riƙe dariya. "Oga, ka bar su! Sojan ƙasa ne, ba su iya jirgi ba. Wannan mai tumbi, tafiyan mijina sak!"

Fili ya ɗauka da dariya. Har mai begila ya zauna a ƙasa.

Manjo ya matso, gashin bakinsa na rawa. "Ka kunyata ƙungiya gaban matan mamata. Daga yau an karɓe wannan aiki daga hannunka. Baɗi na kasuwa za mu kawo."

"Yallaɓai, a yi haƙuri, a sake duba..."

"Na gama magana!"

Maude ya sara, fuska kamar an yi masa rasuwa. Ya bi su yana tsinta a ƙasa, yana kiran kowanne a hankali, babu wanda ya ɓace. Madam Clara ta kama masa kunnen kejin ɗaya, saboda ya yi nauyi.

"Kofur," ta ce ƙasa-ƙasa, "me ka ba su?"

"Wake, Madam."

"Shi ma yana son wake," ta ce, suka nufi bakin titi.