Wadda Na Koya Wa Yin Cuku

A lokacin ni bazawara ce mai 'ya'ya uku a wani ƙauye kusa da Tanut, kuma ba yabon kai ba, duk ƙungiyarmu ta mata masu yin cuku babu mai hannuna. Nawa fari ne tas, ba ya farfashewa a hanya, har direbobin Agadas kan nemi nawa musamman. Bayan rasuwar maigidana aka auna ni a gidan likita, aka tarar ina ɗauke da ƙwayar cutar sida, wato ƙanjamau. Na kama shan magani, lafiyata lau, sai wata ta gan ni wurin karɓa, ta kai labari. Ba a jima ba shugabarmu ta ja ni gefe, ta ce in aka ji hannuna na shiga madara babu mai sake sayen cukun ƙungiya, gara in huta a gida. Na naɗe tabarmar shanyata na tafi.

Daga baya abin ya faɗa wa wata 'yar ƙungiyar, wadda ni na koya mata yadda ake kwantar da madara, ita ma aka ce ta huta a gida. Ita ba ta naɗe komai ba. Ta tambayi majo, babban ma'aikacin gidan likita, ya gaya mata cutar ba ta bin abinci, kuma dokar ƙasa ta hana a kori mutum daga aiki ko a tona asirinsa saboda ita. Ta kai ƙara jandarma, aka kira shugaba aka ja mata kunne. Washegari ta koma bakin aikinta.

Ya kamata in taya ta murna, amma wallahi kishi ne ya turnuƙe ni. Ciwonmu ɗaya, maganinmu ɗaya, ita tana kasuwa direbobina na layi gabanta, ni ina surfen geron mutane. In na hango ta sai in sake hanya. Har gida ta same ni, tana ce mini Yaya, ta ce dokar nan ta shafe ni, in tashi ta raka ni. Na ce mata bayana ke ciwo, alhali ƙalau nake. Ban iya jure a ce ita ta maido ni ba. Kafin zuciyata ta sauko, ƙungiya ta cika, an ba wata gurbina.

'Yan'uwa, in an kore ku saboda wannan cuta, ku tambaya kafin ku tafi, akwai doka a bayanku. Kuma in wanda ya riga ku sani ya miƙo hannu, ku kama. Korar farko su suka yi mini, ta biyun ni na yi wa kaina, kuma babu inda zan kai ƙararta.