Yariman da Aka Ɗora Kakansa a Kujerar Katako

Ni da ɗan ƙanwar mahaifiyata a gida ɗaya muka tashi a unguwar Tishigu. Uwarsa, wadda muke kira Mma, ita ta riƙe ni bayan rasuwar tawa uwar. Koko take sayarwa a ƙofar gida. Ba ta taɓa hana ni abinci ba, amma ƙosan da ya fi girma kullum a kwanonsa yake faɗawa, ni kuwa idona na kai.

Da muka girma ya tafi Turai, ni na tsaya ina koyarwa a unguwar Choggu. Idan na samu sarari ina gyara shafuka a kundin ilimin nan na intanet wanda kowa ke iya rubutu a ciki. Aikin sa kai ne, ba mai ce maka sannu.

Wata Juma'a na je gaishe da Mma, na tarar da mata sun kewaye wayar wata maƙwabciya suna ta guɗa. Na leƙa, sai ga ɗan'uwan nawa a cikin kundin, da babbar riga, wai shi yarima ne, jikan sarkin wani gari da ban taɓa jin sunansa ba. Mutumin da muka yi ta rububin ƙanzo da shi! Mma sai shafa fuskar wayar take yi. Shekara da shekaru ina rubutu a wurin nan, ko sau ɗaya ba ta ce in nuna mata ba. Kishi ya turnuƙe ni har na kasa shan kokon da ta zuba min.

Da na koma gida na karanta shafin a tsanake. Wanda aka ba aikin rubutun ɗan kudu ne, ba shakka, domin ya ce an ɗora kakan a kan kujerar katako ranar naɗinsa, irin yadda ake yi wa sarakunan kudu. A nan arewacin ƙasarmu kuwa kowa ya san kan fata sarki ke zama. Majiyoyin da aka kafa hujja da su ma duk na bogi ne. Na kai ƙorafi wurin masu kula da kundin, suka bincika, suka goge shafin. Ƙarya ce, dole a cire ta, amma daɗin da na ji ya wuce na aikin gyara.

Abu ɗaya na riƙe don Mma. A shafin an ce uwarsa gimbiya ce, kuma ta rasu. Na tabbata in ta ji wannan za ta gane wane ne ɗan kirki a cikinmu. Na same ta tana tace gasara, na faɗa mata duka.

Ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Na sani, yarona. Shi ya buga min kafin ya sa."

"Mma, cewa fa ya yi kin mutu!"

"Ni na ce shi rubuta haka. Akwai yarinyan da yake so ya aura can, dangin yarinyan manya ne paa, manya sosai. Za su ba ɗan mai koko?" Sai ta goge hannu a zani, ta dube ni. "Kai da ka san aikin, mayar mishi da shafin mana."

Na ce ba zai yiwu ba. Ta ce to, ta ci gaba da tatarta.

Na tsaya a tsakar gidan nan da gaskiyata a hannu, ba mai buƙatarta. Ashe akwai wanda Mma za ta yarda a binne ta da ranta saboda shi, kuma ba ni ba ne.