Dutsen da Na Ɗauka a Bakin Teku

A gidanmu a Yawuri, kifi in ya fito daga ruwa ba a barinsa ya wahala. A ka ake buga masa, sau ɗaya. Haka babana ya koya mini tun ina ƙarami, kuma ban san abin ya zauna mini a hannu ba sai a Dubai.

Wani maƙwabcina a unguwar Al Nahda, mutumin Jos mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, shi ya ja ni bakin teku wata Lahadi da safe. Wai kamun kifin shak, babban kifin tekun nan mai kaifin haƙora, yake yi don nishaɗi: a jawo shi, a cire ƙugiya, a mayar da shi ruwa. Na yi masa dariya har da riƙe ciki. A hanya ya ja mini kunne, ya ce in kifin ya mutu a hannunmu hukuma ba ta wasa, bizar mutum ma tana iya tafiya. Na ce na ji.

Da ƙugiyarsa ta kama, ya kusa awa guda yana fama kafin kifin ya iso gaɓa. Tsawonsa ya kai ƙirjina, yana ta dukan yashi da wutsiya. Ban yi shawara da zuciyata ba, sai ganin dutse na yi a hannuna, na riga na sauke masa a ka.

"Malam! Me ka yi?" in ji maƙwabcina. "Khalas, shi ke nan, ka kashe mu!"

Ya cire ƙugiyar, muka ja kifin cikin teku. Ya ce in tallabe shi, bakinsa ya fuskanci igiyar ruwa, ko zai farfaɗo. Na tsaya ruwa iya ƙugu, ina rungume da shi kamar jiƙaƙƙen buhu. Duk motar da ta wuce a titi sai in waiga, ko hukuma ce. Tsoro nake ji ƙwarai, ina tuna matata da 'ya'yana. Ni ɗan masunta, ga ni ina roƙon Allah kada kifi ya mutu.

Can sai wutsiyar ta motsa. Ya suɓuce mini, ya tafi a karkace, har na daina ganinsa.

Da yamma na kira babana na ba shi labari, ina jiran ya yi dariya.

"Ka buga masa," in ji shi, "sannan ka sake shi da ciwon?"