Faifan da Na Ɓoye a Rumbun Inna

A shekarun da taki ya gagari talaka, ni ke kula da babbar kwamfutar ƙungiyar manoma a wani gari kusa da Bici. A cikinta sunayen masu karɓar taki suke. Akwai wani fayil da muke kira log, wanda duk abin da aka taɓa a rajistar sai ya rubuta, har da wanda ya taɓa da lokacin. Ci yake ba ƙoshi kamar akuyar gida, in an ƙyale shi sai ya cika injin ya tsayar da aiki. Saboda haka duk Alhamis nake kwafe shi a faifai, sannan in rage shi.

Wani mako gab da shuka na tarar ya kumbura fiye da kima, alhali an daɗe da rufe rajista. Da na bi diddigi, sai ga aikin sakataren ƙungiya. Ya goge sunayen unguwarmu kaf, har da na Inna mahaifiyata, ya cusa danginsa.

Ina zaune ya leƙo da carbinsa.

"Malam, na ji injin ya cika. Share log ɗin kawai, ba sai ka kwafa ba."

Na ce to, ranka ya daɗe. Yana juya baya na kwafe, sannan na share. Faifan kuwa na naɗe shi a leda na tura ƙasan rumbun Inna.

A daminar nan geronta ya yi rawaya, bai kai gwiwa ba. Na ga tsohuwa tana kwasar kashin awaki a kwando tana kaiwa gona da kanta. Wallahi na tsani mutumin nan, kuma kullum ni ke fara gaishe shi.

Bayan shekara biyu ya nemi shugabancin ƙungiya. Ranar zaɓe, a gindin rimi, na miƙe na karanto sunayen da ya goge, waɗanda na ciro daga faifan nan, ɗaya bayan ɗaya, da rana da lokaci. Ban yi sauri ba. Duk sunan da na kira, mai shi ko ɗansa na zaune a wurin. Sakatare kuwa ya tsere, ko takalmansa bai tsaya ɗauka ba.

Liman ya roƙe ni in yafe, ya ce ai Inna ta yafe masa tun kafin ta rasu. Gaskiya ne, a gabana ta faɗa. Ni dai takalman suna nan a rumbunta, kuma ban yafe ba.