Katin Dagaci a Saman Tari

Karatuna bai yi nisa ba, amma na daɗe ina kula da injin kwamfuta na wata ƙungiyar manoma a nan Daura. Kowane manomi yana da katinsa mai huji, da lambar ƙauyensu a jiki. Aikina in jera katunan daga ƙaramar lamba zuwa babba, in zuba wa inji, shi kuma ya buga sunayen waɗanda za a ba iri kafin damina.

Wanda ya rubuta wa injin umarni abokin aikina ne, mutumin Mashi. Ya ce mini yaren da yake rubutu da shi yana da nasa zagayen: da kansa yake ɗaukar kati, ya duba, ya buga, ya ɗauki na gaba, ba sai an ce masa ba.

"Malam, abu ɗaya yake so," in ji shi. "Kada ka taɓa jeri."

Wata shekara ina jera katuna sai na ga na wani dagaci da mahaifina yake durƙusa wa, ga shi a ƙarƙashin katunan talakawa. Raina bai so ba. Na zaro shi na ɗora a sama. Da na kunna inji sai ya tsaya. Na danna ci gaba, ya sake tsayawa, na sake dannawa, na yi ta yi har ya daina. Na ɗauka zafi ne ya dame shi. Ashe duk katin da lambarsa ba ta kai ta dagacin ba, tsallake shi yake yi. Ƙauyuka biyu na wajen garin Babban Mutum ba su fito a takarda ba, kuma ba su sami iri ba.

Bayan ruwan shuka mutanensu suka cika ofis. Manaja ya kira mu biyu. Abokina ya juyo ya ce, "Ka taɓa jeri?" Na ce ban taɓa ba. Na riga na mayar da katin gurbinsa. Aka ce rubutunsa ne ya ci ƙauyukan, aka sallame shi. Ya koma Mashi yana sayar da kayan babur har Allah ya karɓi ransa.

Kwanan baya 'yarsa ta yi sallama a gidana. Ita ma kwamfuta ta karanta, kuma ita aka ba gyaran tsohon aikin, wanda har yau yake tafiya a sabon inji, ko da yake babu kati yanzu.

"Baba, shawara na zo nema. In bar shi a kan zagayen da Abba ya ɗora shi, ko in rushe in rubuta nawa? Yana aiki, kuma gajere ne. Amma a ofis kowa cewa yake shi ya taɓa cin ƙauyuka. Na bi shi layi-layi, ban ga inda Abba ya kuskure ba."

Na ce, "Ba za ki gani ba, 'yata." Na gaya mata komai.

Maganar aiki ta fara yi.

"To, zagayen ba shi da laifi. Duk da haka nawa zan rubuta. Wancan a ɓoye yake abinsa, wanda ke zaune gabansa bai san me ya tsallake ba. Nawa in ya ajiye mutum, sai ya faɗi sunansa."

Na ce ta yafe mini.

"Ni ban san abin ba sai a bakin mutane, Baba. Inna ce ta zauna da shi yana ta dube-duben tsoffin takardu, yana neman inda ya ɓata. Tana Mashi. Ita za ka gaya wa."

Sau biyu ina zuwa tasha. Na farko na ce rana ta yi. Na biyu har na zauna a mota, kafin ta cika na sauka. Jiya yarinyar ta bugo ta ce ba ta faɗa wa uwarta komai ba, kuma ba za ta faɗa ba.